Lens mai f/1.4 na juyawa da hannu, ya cancanci saye?

Ka tambaya ko lens ɗin kyamara mai f/1.4 (lambar da ke nuna faɗin ƙofar shigar haske, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa) da ake juya fokas ɗinsa da hannu ya cancanci saye. Ɗan'uwa wallahi ya cancanta, ni da shi nake aiki da zarar duhu ya fara. Hasken da f/1.4 ke shigarwa ninki huɗu ne na f/2.8, to ka ga ba sai ka ɗaga ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) hoto ya cika da ɗige-ɗige ba, kuma abin da ke bayan mutum sai ya narke fuskar ta fito ita kaɗai. Sai dai fa wurin da ke fitowa tas siriri ne ƙwarai, ka saita ido mutum ya ɗan motsa kai shikenan hanci ya kama. Ka riƙa zuƙo hoton a sikirin kafin ka danna, in yara ne masu guje-guje kuwa mai da shi f/2.8.