Anti, tashin asuba ya gagare ni

Tambaya: Salam Anti, ni ɗaliba ce a Zariya, wallahi tashin asuba ya gagare ni, alam uku nake sawa duk in kashe in koma, sai rana ta fito nake tashi kaina na sarawa. Dan Allah meye mafita?

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata. Kafin ki ga laifin asuba fara duba darenki tukuna, ƙarfe nawa kike ajiye waya? Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kenan in 5 kike son tashi to 10 ta same ki a gado, ba wai kina kwance cikin gidan sauro kina zagaye WhatsApp har 1 ba, dan hasken wayar nan yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci, ga hira ba ta ƙarewa.

Shayin dare ma ki rage, da kofi da goro, rabin kafeyin ɗinsu, sinadarin da ke hana barci, na nan a jiki bayan kusan awa 5.

Wayar kuma ki sa ta caji can bakin ƙofa yadda sai kin taka ƙasa za ki kashe alam, daga nan ki wuce buta kai tsaye, ruwan alwala na taɓa fuska an gama. Bayan sallah kar ki koma shimfiɗa, zauna kan darduma minti 10 kina azkar kina jan numfashi a hankali, ni wannan zaman na fi so a duk yinina. In barci ya dame ki da rana yi ƙailula ta minti 20 kawai. In kuma kina cika awanninki amma ciwon kan bai daina ba, ki je asibiti a duba ki.