Amsar ƙanwarmu kan zuba ƙwaya a abin sha

Salamu alaikum 'yan uwa. To ƙanwata, ke da kika tambaya jiya wai ta yaya mace za ta gane an zuba mata wani abu a lemo in ta fita da saurayi ko ta je taro, ki yi haƙuri na yi miki murya, rubutu ba zai ɗauki maganar ba.

Gaskiya da wuya ki gane da ido ko da harshe. Akwai wanda ake ce wa GHB, kamar ruwa yake, ba launi ba wari, ɗan gishiri-gishiri kawai, zaƙin lemo kuwa sai ya danne shi. Rohypnol, kamfanin da ke yin sa ya sa masa launi don ya mai da abin sha shuɗi, amma a lemo mai duhu wa zai gani? Ga ketamin, ga magungunan barci. Giya ma kanta, ita aka fi yin wannan aika-aika da ita. Don haka a buɗe kwalba a gabanki, ki riƙe abinki. Kin shiga banɗaki kin bar kofi a tebur? Shi ke nan, a kawo wani. Wanda ya ji haushi ya ji.

Yanzu ku buɗe kunne da kyau. Cikin minti 15 zuwa 30 abin yake fara aiki. Lemo kawai kika sha, sai kai ya fara juyawa, harshe ya yi nauyi, ƙafafu su ƙi ɗaukarki, barci yana fizgarki. Kada ki tsaya cewa wai gajiya ce, lokacinki kaɗan ne. Ki kama ƙawarki ko ma'aikacin wurin ki ce da ƙarfi, "An sa min wani abu." Kuma wanda ya yi wuf ya ce "ku bar ta, ni zan kai ta gida", wallahi a sa masa ido. Galibi mai yin wannan ba baƙo ba ne, wanda aka sani ne aka saki jiki da shi. Ku ƙawaye, kada ku damƙa ta ga kowa, ko saurayinta ne. In ta fita hayyacinta ku kwantar da ita kan gefe guda kada amai ya shaƙe ta, sai asibiti. Maza ma ana yi musu, kada wani ya ɗauka ya tsira.

In kuma, Allah ya kiyaye, mace ta farka kaya a birkice, ba ta tuna komai, to aikin ƙwayar ke nan, tana shafe abin da ya faru, ba laifinta ba ne. Na san wanka ne zai fara zuwa ranta, amma ta daure. Fitsarin farko ta tara a kwalba mai tsabta, don GHB kamar awa 12 yake yi ya ɓace daga fitsari. Kayan jikinta a sa a jakar takarda, leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Maganin kariya daga ƙanjamau, PEP, dole a fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Na hana ɗaukar ciki na gaggawa yana kaiwa kwana 5, amma da wuri ya fi aiki. A asibiti ta faɗa wa likita kai tsaye tana zargin an sa mata ƙwaya, don a san irin gwajin da za a yi.