Amsa ga ɗan'uwan da kifinsa ya ɗauki ƙwan wani jinsi a baki

Wa'alaikumus salam, ƙanina. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa, domin ba maganar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: yana da tankin gilashi guda da ya zuba kifayen Tafkin Malawi a ciki. Tamatar yalo-lab ɗinsa, wani jinsi mai launin rawaya, ta daina cin abinci, ƙasan haɓarta ya kumbura, kuma namijin da ya ga yana zagaya ta ba jinsinta ba ne, jan zebra ne. Yana so ya ji ko ya bari ta ƙyanƙyashe, ko akwai laifi a irin wannan aure, kuma ko zai iya sayar da 'ya'yan, tunda ya ji cewa filawahon ma, wani kifin ado mai ƙullutu a goshi, ɗan aure ne amma ga shi da tsada.

Kwantar da hankalinka, ba ciwo ba ne, ƙwai ne a bakinta. Haka waɗannan dangin karfasa na Malawi suke yi. Namiji ya share wuri, mace ta saki ƙwai ta juya nan take ta kwashe da baki. Sai ta hangi ɗige-ɗigen nan masu kama da ƙwai a fiffiken ƙarƙashin namijin, ta kai baki za ta ɗauka, shi kuma a daidai nan yake sakin nasa ruwan. Daga ranar ta ɗauki azumi ke nan, mako uku zuwa huɗu, har sai ta tofo 'ya'ya masu iyo da kansu.

Abin da ya same ka ya taɓa samuna, kuma da waɗannan jinsi biyun dai. Wata bazara aka ɗauke wuta kwana biyu, injin iska ya tsaya, namijin yalo-lab ɗina ya mutu, ya bar mace ita kaɗai da wani ƙaton jan zebra. Ba a yi wata biyu ba na ga haɓarta ta cika. Murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Na ware mata ƙaramin tanki, ta tofo guda goma sha tara, na riƙa niƙa musu abinci a cikin cokali ina barbaɗawa sau huɗu a rana. Maiɗakina har tsiya take mini, wai na yi amarya.

Sai da suka kai wata huɗu na fara ganin abin da na raina. Yalo-lab na gaskiya rawaya ce shar, da baƙin layi a fiffiken gadon baya kamar an zizara kwalli. Nawa kuwa ba su ɗauko rawayar uwa ba, ba su ɗauko jan uba ba, launin ya tsaya a tsakiya kamar lemon da ya kwana biyu a faranti a rana. Layin kwallin a wasu ya tsittsinke, a wasu babu shi sam. Abin da suka gada cikakke shi ne halin uban. Yalo-lab mai sanyin hali ne idan aka gwada shi da sauran 'yan duwatsun Malawi, amma waɗannan yara sai da suka hana kowa sakat, har uwar da ta yi musu azumi suka riƙa kora bayan dutse.

Na kwashi goma sha biyu a bokiti na kai wa wani mai sayar da kifin ado. Ya leƙa, ya ce, "Alhaji bar su kawai, yalo-lab zan ce, wa zai gane?" Na karɓi kuɗi na juyo. A duk shekarun da na yi ina wannan harka, wannan ne abin da har yau idan na tuna nake jin kunya. Bayan wasu watanni wani saurayi ya kira ni gidansu in duba masa "yalo-lab" ɗinsa da suka addabi tanki da faɗa. Ina ganin tsinkakken layin nan na gane su. Kuma ɗaya daga ciki haɓarta a cike take.

Nan ne gizo yake saƙar. Mu abin da muka sani da ɗan ruwa biyu shi ne alfadari: doki yana da ƙwayoyin gado 64, jaki 62, alfadari ya fito da 63, don haka kusan kullum a kansa zancen yake ƙarewa, ba ya haihuwa. Kifin Malawi ba haka yake ba. Ɗaruruwan jinsunan da ke tafkin nan 'yan uwan juna ne na kusa ƙwarai, a ruwansu na asali launi da wurin zama da salon neman aure ne suke raba su. Ka matse su a gilashi mai tsawon kamu biyu, ka hana mace namijin jinsinta, za ta karɓi wanda ta samu, kuma 'ya'yan za su haihu, jikoki ma su haihu. Ƙarya guda da aka yi a bakin bokiti sai ta bi zuriya ta shiga gidaje goma.

To amma kar ka ɗauka ina cikin masu cewa duk wani aure tsakanin jinsi biyu ɓarna ne. Ina zan ce haka ina shan mangwaro ɗan aure? A Shika ta Zariya an daɗe ana haɗa bunaji da shanun madara na Turai. Alfadari ma an ambace shi tare da dawaki da jakuna a Suratun Nahli cikin abubuwan hawa da ado. Kafin in shiga kifin ado na yi kiwon tarwada, kuma duk wanda ya yi ya san haɗin tarwada da ramboshi: a yi wa macen tarwada allura, a tatse ƙwan, a zuba masa ruwan namijin ramboshi, a samu ɗa mai juriyar uwa da girman uba. Ko a tankunanmu, ƙananan kifayen adon nan, filati da mai takobi, da muke saye ja da ruwan goro da baƙi, yawancin launukan nan daga cakuɗa jinsunan Meziko da Amurka ta Tsakiya aka samo su tun da daɗewa. Kuma akwai daɗi a abin, ba zan ɓoye maka ba. Ka zauna gaban gilashi kullum da safe kana jiran ka ga launin da zai ɓullo a jikin abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ka san me zai fito ba. Mai kiwon tattabaru ya san wannan ɗokin.

Sai dai wani lokacin abin da yake fitowa wahala ce ga kifin. Tun a ƙarshen shekarun 1920 masana biyu, Myron Gordon da Curt Kosswig, suka lura cewa idan aka haɗa filati mai baƙaƙen ɗigo da mai takobi, ɗigon kan rikiɗe ya zama kansar fata a jikin wasu 'ya'yan da jikokin. Har yau ana amfani da kifin wajen binciken wannan cuta. Abin da yake riƙe da ɗigon a jikin filati, shi ne auren yake warwarewa.

Wanda na gani da idona shi ne jan kifin aku, wanda aka fito da shi a Taiwan wajen 1986 daga dangin karfasa na Amurka ta Tsakiya. Na saye shi don yara, saboda fuskarsa kamar mai murmushi. Murmushin nan ba murmushi ba ne, baki ne da ba ya rufuwa. Idan na zuba abinci sai ya taso yana rangaji, ya kai baki ƙwayar ta kuɓuce, ya sake kaiwa ta sake kuɓucewa, kafin ya kama ɗaya sauran kifaye sun share wurin. Wadda ya kama ɗin ma sai ya zuƙe ta can cikin maƙoshi ya murƙushe, don leɓɓan ba su da aiki. Dole na koma jiƙa masa abinci ina ba shi shi kaɗai a kusurwa. Ya yi shekara shida a hannuna, yana gane ni, yana biyo yatsana a jikin gilashi, na so shi ƙwarai, amma ban sake sayen irinsa ba. Kuma 'yan kasuwar ba su tsaya nan ba: akwai waɗanda ake yi wa rini su koma shuɗi ko kore, akwai waɗanda ake datse wa wutsiya tun suna ƙanana don jikin ya yi siffar zuciya. Wannan kam ba na buƙatar dogon nazari a kansa, zalunci ne.

Filawahon da ka kafa hujja da shi daga Malesiya ya fito a shekarun 1990. Tsadarsa ta samo asali ne daga camfin mutanen can, masu ganin ƙullutun goshinsa alamar arziki ce, har wasu suna karanta lambobin caca a zanen gefen jikinsa. Mai ƙaton goshi da jan launi da kake gani a bidiyo zaɓaɓɓe ne daga ɗaruruwan 'yan uwansa da ba su yi kyau ba. Ka taɓa tambayar ina sauran? Wasu an kashe, wasu an juye su a kwata da tafki, musamman da kasuwar ta faɗi. A Tafkin Matano na tsibirin Sulawesi a Indonesiya, filawahon ya yaɗu yana cinye ƙananan halittun da babu irinsu a ko'ina a duniya sai nan. Mu kuma ruwanmu da ɗumi, babu ƙanƙarar da za ta kashe abin da aka saki. Gupi ma, ɗan ƙaramin kifin adon nan da kake rainawa, ya riga ya zama ɗan gida a magudanun ruwan Legas. Don Allah duk abin da za ka yi da 'ya'yan nan, kar ka ce za ka ji tausayinsu ka kai su dam ko kududdufi.

Masu tsananta wa tsabtar iri da kake gani suna faɗa a irin waɗannan zaurukan na masu kiwon kifi, ba tsabar iyayi ba ne. Giwan ruwa, namu na Kwara da Tafkin Chadi, an zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, jinsin ƙananan dangin karfasa wajen 200 suka ɓace ko suka kusa. Wasu daga cikinsu a tankunan gidajen namun daji na Turai da Amurka da na masu sha'awa irinmu aka ci gaba da riƙe su. Idan mai riƙe da irin wannan amana ya cakuɗa, ba inda za a je a ɗebo sabo. Akwai ma wani ɗan kifi namu na Najeriya, gardneri, mai jan ɗige-ɗige, wanda masu kiwonsa a ƙasashen waje suke rubuta garin da aka kamo kakanninsa a jikin tanki: wannan na Makurɗi, wannan na Filaton Jos, wannan na Lakwaja. Jinsi ɗaya ne, amma ba sa yarda su haɗa na wannan rafi da na wancan. Ranar da na fara ganin haka na yi dariya, daga baya na ji nauyi, wai wani a can ya fi ni sanin darajar abin da ke rafin bayan gidanmu. Kurungu ma bai tsira ba, ana haɗa jinsunansa da allura a sayar da sunan tsadaddun na asali. Wannan algus ne tsagwaronsa, kuma duk mun san hadisin da ya zo a kan mai algus.

Yanzu ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka bar ta a babban tankin, kar ka ware ta. Idan ta tofo, manya za su cinye mafi yawa, biyu ko uku masu wayo su tsira a ramukan duwatsu. Haka yake faruwa a tafki ma. Waɗanda suka tsira naka ne, ka riƙe su har ƙarshen kwanansu, za ka ga abin da kake ɗokin gani ba tare da ka tara ashirin da ba ka da wurin sa su ba. In wani ya roƙa, ka gaya masa ruwa biyu ne, ka faɗi uwa ka faɗi uba, kuma ka ba mutumin da ka san ba zai kai kasuwa ba. In aka samu wanda ya fito a karkace ba ya iya ci ko iyo, man kanumfari a ɗan ruwa yana sa shi barci ya wuce ba tare da wahala ba.

Sannan ka raba auren. Ko dai jan zebran ya bar tankin, ko ka samo namijin yalo-lab na ƙwarai da ƙarin mata biyu ko uku, kodayake muddin zebran ne sarkin tanki zai iya sake riga shi, shi ya sa fitar da shi ya fi. Wajen saye ka duba layin kwallin nan da kyau, ka ga rawayar ba ta sirka da ja ba. Tamatarka ba ta lalace ba. Ba kamar gupi take ba, wadda ke ajiye ruwan namiji a jikinta ta yi ta haihuwa da shi watanni, ita wannan kowane ƙwai da ubansa, don haka na gaba zai fito tsantsa in ta samu jinsinta. Bayan ta tofo ka ba ta mako biyu tana ci sosai kafin namiji ya sake matsa mata, domin za ka ga cikinta ya lotsa.

Daga cikin bakwai ɗin da na rage a gida, ɗaya ya kai shekara takwas, shi kaɗai a tankinsa don ba ya zama da kowa. Yara suka sa masa suna Ɗan Daba. Ka turo mana hoton namijin da na macen ta gefe, da fitila a kunne, in ga fiffikenta, domin akwai yiwuwar ita kanta ba tsantsa aka sayar maka ba.