Tambayoyinku kan ƙuna da agajin gaggawa

Assalamu alaikum jama'a. Tunda sanyi ya shigo tambayoyin ƙuna suka yi yawa, dama duk shekara haka ake yi, ga ruwan zafin wanka ga kaskon gawayi a tsakar ɗaki ga yara sun zagaye murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 180,000 ne ƙuna ke kashewa duk shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke. Ga waɗanda na zaɓo na wannan makon.

Tambaya: Likita ɗana ɗan shekara biyu ne ya jawo tukunyar ruwan zafi ta zubo masa a cinya, zan zuba masa ruwa surukata ta hana wai ruwa ne ke sa wuri ya yi bororo, sai aka fasa ɗanyen ƙwai aka shafa aka liƙa gashin zomo. Yau kwana uku wurin ya fara wari. Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: 'Yar uwa Allah ya ba shi lafiya. Dan Allah yau ɗin nan ki kai shi asibiti kar ki bari a kwana, ƙunar da ta fara wari ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan, kuma yaro ƙarami ba shi da juriyar da zai jira. Za a wanke wurin a cire gashin nan, a duba zurfinta, a duba batun allurar tetanus.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, nasan da kyakkyawar niyya ta faɗa amma ba haka abin yake ba. Zafin da ya shiga fata ne ke kawo bororo, kuma ko an janye tukunyar zafin yana nan a ciki yana ci gaba da cin naman ƙasa, ruwa ne ke tsayar da shi. An yi bincike a asibitin yara na Birisben a Ostireliya aka fitar a 2020, yara 2,495 da suka ƙone aka bi aka ga yadda kowa ya ƙare, waɗanda aka yi ta kwarara musu ruwa mai sanyi na minti 20 cikin awa uku na farko sun fi tsira daga dashen fata kuma sun fi saurin warkewa. Minti 20 fa, ki duba agogo, domin yawancin mutane minti biyu suke yi su ce ya isa.

In babu famfo a ɗauko buta ko moɗa a yi ta zubawa daga randa, ko fiya wata wanda ba na firji ba. Ƙanƙara kam a'a, ƙara lalata fatar take yi. A cire rigar in bata manne ba, in ta manne a bar ta, a cire zobe da awarwaro kafin wuri ya kumbura. Sauran jikin yaron a lulluɓe shi saboda yara suna saurin ɗaukar sanyi. Bayan nan a rufe da tsumma mai tsabta a tafi. Ƙwai, man goge baki, manja, baƙin mai, toka, gishiri, duk muna ganinsu, kuma wallahi lokacin da nas za ta zauna tana kankare busasshen ƙwai da gashi daga kan ɗanyen ciwo yaro yana ihu uwar tana kuka a bakin ƙofa shi ne abin da ya fi ci min rai a aikin nan.

Tambaya: Tukunyar gas ta tashi da ƙanena, ƙunar a fata take amma sai ƙarin ruwa ake ta yi masa leda bayan leda har mun rasa lissafi, an kuma sa masa robar fitsari. Anya ba cin kuɗi ba ne? Daga wani ɗan uwa a Damagaram.

Amsa: Malam ba cin kuɗi ba ne, ruwan nan shi ne ke riƙe da ransa a kwana na farko. In ƙuna ta yi faɗi jijiyoyin jini na duk jiki suna fara yoyo, ruwan cikin jini ya riƙa fita yana taruwa a nama, mutum ya kumbura amma jininsa ya kafe ƙoda ta tsaya. Likitoci sun fara fahimtar wannan sosai bayan gobarar wani gidan rawa a Boston a 1942 da ta kashe mutum 492, daga baya a 1968 Dakta Charles Baxter na asibitin Parkland a Dalas ya fito da lissafin da har yau ake farawa da shi: mililita 4 na ruwa sau nauyin mutum a kilo sau kason jikin da ya ƙone. Tafin hannun majinyaci da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatarsa, da shi ma za ka iya kimantawa. Toh ka ɗauka ƙanenka kilo 60 ne kashi 30 ya ƙone, mililita 7,200 ke nan cikin awa 24, leda sha huɗu da ɗoriya ta rabin lita, kuma rabinsa dole ya shiga cikin awa 8 na farko, ana ƙirgawa daga lokacin da wutar ta kama shi ba lokacin da kuka iso ba. Robar fitsarin da ita muke gane ko ruwan ya isa ko ya yi yawa, domin yawan ma illa ne.

Kuma a lura in wuta ta tashi a ɗaki a rufe, mutum ya fito da gashin hanci a babbake, murya ta dishe, yana tofar da baƙin majina, wannan ko fatarsa lafiya lau a garzaya da shi, maƙogwaro yana iya kumbura ya toshe bayan 'yan awoyi.

Tambaya: Mijina ya yi haɗarin mota aka kai shi sashen gaggawa, ana cikin haka wani likita ya kawo takarda wai in sa hannu a saka shi cikin bincike. Na ƙi, don ban manta abin da aka yi wa yaran Kano ba. Na yi laifi? Daga wata baiwar Allah.

Amsa: Hajiya baki yi laifi ba ko kaɗan, haƙƙinki ne, kuma ƙin sa hannu bai isa ya sa a rage masa kulawa ba. Tsoronki ma yana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin yara kusan 200, 11 suka rasu wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Yanzu a Najeriya akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya da dokokinsa na 2007, kuma duk binciken ƙwarai sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a taɓa majinyaci ko ɗaya.

Amma bari in faɗa miki ɗaya ɓangaren tunda ni a cikinsa nake aiki. Akwai allura mai arha sunanta tranexamic acid mai rage zubar jini. An gwada ta a binciken CRASH-2 da aka fitar a 2010, mutum sama da 20,000 da suka ji munanan raunuka a ƙasashe 40 har da Najeriya, waɗanda aka yi wa allurar kashi 14.5 suka rasu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 16. Aka kuma gano sai an yi ta cikin awa uku take amfani, in an makara tana iya cutarwa. Mai yiwuwa mijinki ma an yi masa ita a daren nan, kuma iyalan wasu ne suka sa hannu shekarun baya har aka san haka. A ɓangaren haihuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE na 2023 da ya rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60.

Wani lokacin ma bincike hana mu yake yi. Shekara da shekaru an yarda yaro mai zazzaɓi mai tsanani da ya galabaita a ɗura masa ruwa da sauri, sai binciken FEAST na 2011 a Kenya da Yuganda da Tanzaniya cikin yara sama da 3,000 ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi mutuwa. (Banda masu ƙuna da masu gudawa, su ba sa cikin binciken.) Likitocin da suka yi shi kansu basu zaci haka ba.

In aka sake kawo miki irin takardar nan ki ce a karanta miki da Hausa, ki tambayi me za a yi masa wanda ba a yi wa kowa, wace illa aka sani, wane kwamiti ya amince, wa zai ɗauki nauyi in abu ya faru, ki karɓi kwafi. Kina da ikon janyewa ko bayan kin sa hannu. In aka ƙi amsa miki ko ana miki hanzari da tsawa, kar ki sa.

Tambaya: Zuma fa, an ce tana warkar da ƙuna? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi an ga ƙunar da ba ta yi zurfi ba tana saurin warkewa da kwana huɗu zuwa biyar in da zuma aka yi diresin. Sai dai zumar bakin titi ba ka san me aka haɗa ta da shi ba, kuma ba ita ce agajin farko ba, ruwa tukuna. Ƙunar da ta yi fari fat ko baƙi kuma ba ta zafi, ko ta fuska, hannu, al'aura, kan gaɓa, ko ta lantarki, ko ta jariri, wannan ta wuce zuma. Haka duk wadda ta kai sati biyu bata rufe ba a kai a duba ko tana buƙatar dashen fata, don irinta ce ke barin tabo mai tudu ta ɗame fata yatsu su haɗe ko wuya ya ƙi miƙewa.