Jarabar Giya Ta Gado: Shin Alƙalami Ya Ɗauke A Kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya fara shan giya tun yana ɗan shekara 18, marigayi mahaifinmu ma ya sha. Likita ya ce nasa na gado ne, ya nemi a gwada jininsa. Shin yana da zunubi tunda gado ya yi? Gwajin kuma ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar likitan tana da tushe. A 1981 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Robert Cloninger, da abokan aikinsa sun bibiyi yaran da aka ba da riƙonsu a ƙasar Suwidin, suka kasa mashaya gida biyu: waɗanda jarabar ke kamawa bayan shekara 25, da waɗanda take kamawa tun suna samari, galibi maza, kuma gado ya fi ƙarfi a wajensu. An taɓa zaton ƙarancin wani sinadarin jiki da ake kira MAO a jini shi ne alamar kashi na biyu, daga baya aka gano shan taba ma yana rage shi. Gwajin jinin da ake yi wa masu shan giya, wato GGT da CDT, kuwa yawan sha da wahalar hanta suke nunawa, ba ƙaddarar mutum ba.

To, gado karkata yake sawa, ba ya tilastawa. Waɗanda aka ɗauke wa alƙalami uku ne: mai barci, yaro, da mahaukaci. Ƙanenka ba ya cikinsu. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta sauka ne ga mutanen da suka tashi suka tarar da iyayensu suna sha, amma suka tuntsurar da tulunansu a titunan Madina. Zunubin yana nan, sai dai jarrabawarsa ta fi ta wani nauyi, ladan daurewarsa ma haka. Kada ku tsine masa. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka yi ta kawowa saboda giya, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Gwajin halas ne, neman magani ne, sakamakon kuma sirrinsa ne, ba na yaɗawa a dangi ba. Amma ina jan kunnenku, kada ku kulle shi a ɗaki ya daina dare ɗaya. Wanda giya ta bi jikinsa yana iya faɗawa jijjiga, har a rasa rai. Ku kai shi asibiti, akwai magungunan da ba giya a cikinsu. Saboda haka babu uzurin "ɗan kurɓa don magani", domin a hadisin Ɗariƙ ɗan Suwaid da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce.

Wallahu a'alam.