Ƙaramin lambun aljanu na bikin tsakiyar bazara a Ingila: mene ne shi, kuma yaya ake haɗa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a birnin Lids da ke arewacin Ingila, kuma ina da wata maƙwabciya dattijuwa da muke zaman mutunci da ita. Ganin yadda shukokin da nake reno a tukwane suke kyau, sai ta roƙe ni in taya ta haɗa ɗan ƙaramin lambu a cikin kasko, mai 'yan gidaje da hanyoyi, wanda ta kira lambun aljanu, domin wani bikinsu mai suna Lita da suke yi a watan Yuni. Ina neman bayani a kan bikin, da yadda ake haɗa lambun don kada ya mutu, da abin da ya kamata in sani kafin in amsa mata.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Roƙon maƙwabciyarki ya ƙunshi abubuwa biyu da suka cakuɗe, wato aikin lambu da aikin ibada, kuma idan kika iya bambance su, sauran sha'anin zai zo miki da sauƙi.

Bikin yana faɗowa ne a ranar da yini ya fi tsawo a arewacin duniya, galibi 20 ko 21 ga Yuni, sakamakon karkatar da duniya ta yi da kimanin digiri 23 da rabi. A Kano wannan rana kan wuce ba a lura ba, domin yinin bai cika awa 13 ba, amma a nan Lids yakan kai kusan awa 17, rana ta fito kafin ƙarfe 5 na safe. Mutanen da suka shafe watanni cikin duhu da sanyi ba za su raina irin wannan haske ba, shi ya sa tun da daɗewa ake hura manyan wutace a kan tuddan Turai a wannan lokaci. Bayan zuwan Kiristanci sai al'adar ta koma daren 23 ga Yuni, jajibirin ranar da coci ke tunawa da haihuwar Annabi Yahaya. Shi kuwa bikin da maƙwabciyarki take nufi, a siffarsa ta yau, sabo ne. Yana cikin bukukuwa 8 na shekara na masu farfaɗo da addinin gargajiyar Turai, musamman mabiya Wika, addinin da Gerald Gardner ya bayyana wa jama'a a 1954, kuma sunan Lita an aro shi ne a shekarun 1970 daga sunayen tsofaffin watanni da malamin coci Bede ya rubuta a shekara ta 725. A ƙidayar 2021, kimanin mutum 74,000 a Ingila da Wales sun ce su masu addinin gargajiya ne, wasu 13,000 kuma suka ce Wika suke bi.

Dangane da aljanun, mutanen karkara na Ayalan da Sukotland ba su ɗauke su a matsayin wasu 'yan halittu masu fukafukai da ban sha'awa ba. Tsoronsu suke yi, suna ajiye musu madara a bakin ƙofa don neman zaman lafiya, suna kuma gudun sare wata bishiya mai ƙaya da farin fure idan ta tsiro ita kaɗai a fili, kamar yadda a ƙasar Hausa wasu ke shayin tsamiya ko kuka da aka ce mazaunin iskoki ce. Har a 1999 an kauce wa irin wannan bishiya wajen aikin babbar hanya a gundumar Clare ta Ayalan. Ƙananan aljanu masu fukafukai irin na malam-buɗe-littafi, waɗanda za ki gani a shagunan kayan lambu, masu zanen ƙarni na 19 ne suka yaɗa siffarsu. Haka ma lambun cikin kasko, ba tsohuwar ibadar Turai ba ce. Sinawa sun riga kowa, domin akwai zanen irinsa a wani kabarin ɗan sarki na shekara ta 706, su kuma masu lambun Ingila sun fara shuka ƙananan furannin dutse a tsofaffin komayen dutse a farkon ƙarni na 20. Yawancin masu haɗa shi a yau ado kawai suke yi, ko nishaɗin jikoki.

Sai aikin kansa, kuma a nan ne na fi so ki mai da hankali, domin mafi yawan irin waɗannan lambuna da na gani suna mutuwa ne saboda an kashe kuɗi a kan 'yan gidaje da gumaka, an manta cewa abin da ke cikin kaskon mai rai ne. Ki nemi kasko mai faɗin santimita 40 zuwa 50 da zurfin 15 zuwa 20, kuma lallai ya kasance da huda a ƙasa. Idan babu, a huda shi, domin a ƙasar da ruwan sama ke sauka a kowane wata, kaskon da ba ya zubar da ruwa zai ruɓar da saiwoyi cikin makonni kaɗan. Ki rufe hudar da ɗan guntun raga don kada ƙasa ta zube. Da yawa za su ba ki shawarar shimfiɗa tsakuwa mai kauri a gindin kaskon, amma ban yarda da wannan ba, saboda ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya tsaya a samanta, kusa da saiwa. Abin da ya fi shi ne a cakuɗa tsakuwar cikin ƙasar baki ɗaya: kashi ɗaya na ƙasar shuka da ake sayarwa da sunan John Innes mai lamba 2, da kashi ɗaya na ƙananan tsakuwar lambu.

Kafin ki sayi ko da tsiro guda, ki tambayi dattijuwar inda kaskon zai zauna, domin amsarta ce za ta zaɓar miki shukokin. Tun da bikin na rana ne, na fi son wurin da ke samun hasken awa 6 ko fiye. A irin wannan wuri, shukar da ba ta da na biyu ita ce tayim mai yaɗo, 'yar'uwar wadda kike zubawa a miya, wadda masana ke kira Thymus serpyllum. Tana kwanciya kamar darduma, tana jure ƙishi, kuma furenta na shunayya yakan buɗe ne a Yuni da Yuli, daidai lokacin da ake bukata. Ki haɗa ta da ƙananan Sedum da Sempervivum masu kaurin ganye, waɗanda a ido suke kama da kabeji na gonar 'yan tsana. Akwai wani Sedum acre mai fure rawaya, launin da masu bikin ke danganta shi da rana, sai dai yana da mamaye wuri, don haka a riƙa datse shi. Wurin da ake so ya yi kama da filin ciyawa, Sagina subulata ce ta dace, amma ta fi sauran son laima, saboda haka ki sa ta a gefen da inuwa ke faɗawa da rana tsaka. Bishiyar lambun kuwa, ɗan itacen fir na wadanni guda ɗaya ya isa. Idan wurin inuwa ne, sai a sauya tsarin gaba ɗaya zuwa gansakuka da Soleirolia, wata shuka mai ƙananan ganye da ke shimfiɗuwa a ƙasa. Haɗa masu son rana da masu son inuwa a kasko ɗaya shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa, domin shayarwar da ta raya wannan ita za ta kashe wancan.

Shuka 3 zuwa 5 sun wadatar, kuma a dasa su a farkon Mayu, domin su sami makonni 6 na kafuwa kafin ranar. A tara ƙasa ta ɗan yi tudu a baya, a sa bishiyar a can, hanya ta ƙananan tsakuwa ta taso daga gaba tana lanƙwasa. Ma'auni ɗaya za a riƙe a komai. Idan aka ɗauki ɗaya bisa 24, ƙofar gida mai tsayin mita 2 za ta dawo kimanin santimita 8, kuma kujera da shinge da rijiya duk su bi wannan lissafi, in ba haka ba ido zai ƙi yarda da abin. Ɓawon itace da ƙirare da fasasshen kasko sun fi roba kyau, kuma rana ba ta koɗar da su. Mai yiwuwa ta so a jera 'yan duwatsu a da'ira don kwaikwayon Stonehenge, wani tsohon wuri mai manyan duwatsu a da'ira a gundumar Wiltshire, wanda aka daidaita shi da fitowar rana ta wannan yini. Idan haka ne, bakin da'irar arewa maso gabas zai fuskanta, domin daga can rana ke ɓullowa a Ingila a watan Yuni.

Akwai abubuwan kiyayewa. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai fili ba, don haka a saya a wurin masu reno. Dogon furen nan mai kama da ƙararrawa, Digitalis, wanda tatsuniyoyinsu ke alaƙanta shi da aljanu, guba ne daga saiwa har fure, kada ya kusanci inda yara ke wasa. Kyandir kuma bai dace da busasshen ɓawo da ƙirare ba, 'yar fitila mai batir ta fi aminci.

A daren bikin, masu wannan addini sukan ajiye madara da zuma ko gurasa a cikin lambun a matsayin kyauta ga aljanu ko ruhohin wurin, wasu su kunna wuta su yi addu'o'insu. Wannan ba aikin lambu ba ne, ibada ce a wurinsu, kuma ya kamata ki san haka tun yanzu. Hukuncin taimakawa a aikin da aka san inda zai nufa na malaman addini ne, kuma ina ba ki shawarar ki kai musu tambayar da cikakken bayani, bayan kin tambayi dattijuwar kai tsaye ko ado take nufi ko wurin ajiye kyautar. A sanina, masu wannan addini ba sa jin zafin a gaya musu iyakar da mutum zai tsaya, muddin an faɗa cikin ladabi. Ko ta fuskar lambu ma ina da ja a kan wannan kyauta, domin madarar shanu tana sa bushiya zawo, zumar kanti da aka bari a waje tana iya yaɗa cutar da ke kashe 'ya'yan ƙudan zuma, gurasa kuma ɓeraye take kira.

Bayan biki, a aske tayim ɗin da almakashi idan furensa ya bushe, a riƙa shayarwa ne kawai idan yatsa ya ji saman ƙasar ya bushe. Kafin sanyin Nuwamba a shigar da kayan adon cikin gida, a ɗora kaskon a kan bulo don ruwa ya riƙa fita, domin kaskon yumɓu da ya sha ruwa yakan tsage idan ƙanƙara ta kama shi.