Ina da ciki kuma ina shan maganin sida, zan iya haɗa shi da maganin ƙarin jini?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dokta, ina gajiya ya aiki. Ni matar aure ce a nan cikin Maradi, don Allah a sakaya sunana. Shekara biyu ke nan ina shan maganin sida, ƙwaya ɗaya kullum, jikin kwalbar an rubuta TLD, kuma alhamdulillahi lahiyata lau. To yanzu ina da ciki wata huɗu, wajen awo an ba ni jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, ga ƙwannahi ya matsa mani har na sayo farin maganin ruwan nan a farmasi, duka tare nake haɗiye su da dare in kwanta. Wata ƙawata ta ce in aje TLD sai na haihu wai yana lahanta yaro a ciki, uwar mijina kuma kullum sai ta jiƙa mani saiwoyi, ita ba ta san ina da ciwon ba. Wallahi na ruɗe, mi zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lahiya. Kada ki aje TLD ko na kwana ɗaya, wannan shi ne na farko kuma shi ya hi komi muhimmanci a duk abin da zan faɗa maki. Macen da ke ɗauke da ƙwayar cutar in ba ta shan magani, cikin yara 100 ana iya samun 15 zuwa 45 da za su ɗauka, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In tana shan magani yadda ya kamata abin yana saukowa ƙasa da 5 cikin 100. Kin ga maganin da ake ce maki ki aje shi ne ke tsare maki yaron.

Maganar ƙawarki tana da asali, sai dai ta tsufa. A 2018 wani bincike a ƙasar Botswana ya sa an ji tsoron ko dolutegravir, ɗaya daga cikin magunguna ukun da ke cikin TLD, yana kawo matsalar laka da ƙashin bayan jariri, da aka ci gaba da bin dubban haihuwa sai aka ga haɗarin bai kai yadda aka zata ba, shi ya sa a 2019 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce shi ne zaɓin farko ga kowa har da masu ciki. Kuma wannan sashen na jikin yaro yana gama haɗuwa tun cikin kwana 28 na farkon ciki, ke kuwa kina wata huɗu. Ki kwantar da hankalinki ta nan ɓangaren.

Abin da ya dame ni a saƙonki shi ne haɗiye su tare da kike yi. Dolutegravir yana manne ma sinadarin ƙarhe da ke cikin maganin ƙarin jini, haka kalsiyom, haka aluminiyom da magniziyom da ke cikin farin maganin ƙwannahi, in suka gamu a hanji sai su dunƙule su wuce tare jini bai samu rabonshi ba. Mutum yana shan magani kullum bai taɓa fashi ba amma wanda ke shiga jiki bai kai ba, kuma ba za ki ji komi a jikinki ba balle ki gane, a haka ƙwayar cutar ke samun sarari ta yawaita har wani lokaci ta koyi bijire ma maganin. Ƙa'idar ita ce ki sha TLD awa 2 kahin waɗannan, ko awa 6 bayansu. Maganin ƙarin jini kam in da abinci sosai a ciki ana iya shan shi tare da TLD, amma na ƙwannahi ko da abinci sai an raba.

Ni abin da nake ba mata shawara don kada lissahin awa ya rikita su: TLD da sahe bayan sallar asuba ko wajen karin kumallo, maganin ƙarin jini da abincin rana, na ƙwannahi kuma da dare in ya taso, dama shi ma yana hana ƙarin jinin shiga jiki in an haɗa su. Yadda za ki juyo daga dare zuwa sahe, ki sha na daren yau kamar kullum, gobe da sahe ki sha wani, daga nan ki ɗore da sahe. Gara tazarar ta ragu sau ɗaya da ta yi tsawo. Wata riba kuma, masu kukan rashin barci da TLD da yawa suna samun sauƙi in sun maida shi sahe. In kuwa gidanku da sahe idanu sun yi yawa ba ki da inda za ki ɓuya ki sha, to ki bar TLD a dare ki maida ƙarin jinin da rana, na ƙwannahi kuma kada ya wuce la'asar. Kuma don Allah kar ki ce bari in bar ƙarin jinin in huta, ƙarancin jini ga mai ciki ba abin wasa ba ne. Hura da nono, madara, yawur, duk ki sha abinki, abinci ba ya hana maganin aiki. Farar ƙasar nan da masu ciki ke ci ita ce zan ce ki bari gaba ɗaya.

Tunda an ɗan jima kina haɗa su, ki koma inda kike amsar magani ki faɗa masu kamar yadda kika faɗa mani, ki roƙi a yi maki awon yawan ƙwayar cuta a jini, wanda ma'aikata ke ce ma sharj biral, kar ki jira randebu. Ana so a sake shi wajen sati 34 zuwa 36 na ciki, don sakamakon ne zai nuna irin maganin kariyar da za a ba jariri. In ya hito sama da 1000 ba ƙarshen duniya ba ne, a kan gyara yadda ake shan maganin a sake awo.

Zancen jiƙon Inna kuwa, na san nauyin suruka, ba a ce mata a'a kai tsaye. Amma saiwar da ba a san mi ke cikinta ba, ba a san ƙarhinta ba, ga ciki ga tenofovir, wani daga cikin magungunan TLD, da ƙoda ce ke tace shi, ban yarda ki sha ba. Ba sai kin tona sirrinki ba, ki ce mata wajen awo sun hana ki shan kowane jiƙo sai kin haihu, kuma ba ƙarya kika yi ba, ga shi na hana ki. In maigida ya san halin da ake ciki shi ya kamata ya yi mata magana, ta hi jin ta bakin ɗanta. In bai sani ba, ki nemi ma'aikatan su taimake ki yadda za a faɗa mashi shi ma a auna shi.

Saboda ƙodar nan dai, ki nisanci diklofenak da ibuprofen da masu yawo da magani a tire ke saidawa, dama ba su dace da mai ciki ba, ciwon kai ko ciwon baya parasetamol ya isa. Ki riƙa shan ruwa da yawa musamman in zahin watan 4 da na 5 ya shigo, kwalbar kuma a rufe ta gam a aje inda rana ba ta bugu, ɗan ƙullin da ke ciki na tsotse laima ne, a bar shi ciki, ba na sha ba ne.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa wajen awo. In ana ba ki kotrimokzazol kullum, maganin kariyar cututtuka da ake ba wasu masu ɗauke da ƙwayar cutar, ba a haɗa shi da Fansidar ɗin nan ƙwaya uku da ake ba masu ciki don kariyar masassarar cizon sauro, dangi ɗaya ne. Shi ya sa dole ungozomar da ke maki awo ta san kina shan TLD, sirrinki amana ne a wuyanta. Haka in an taɓa ce maki kina da ciwon hanta na B, tenofovir da lamivudine da ke cikin TLD suna danne shi shi ma, tsayar da su kwatsam na iya tayar da hanta mummunan tashi. In kuma aka sa ki a maganin tarin huka mai rifampisin, sai an ƙara maki dolutegravir miligiram 50 bayan awa 12, maganin farfaɗiya da metformin na ciwon suga su ma sai an duba.

In kin manta ki sha da kin tuna, sai in lokacin na gaba ya kusa, to ki sha ɗaya kawai kar ki ninka. In kika yi amai cikin minti 30 da sha, ki sake shan wata. Idanu su yi rawaya, ƙuraje su heso da zazzaɓi, huska ko ƙahwahu su kumbura, hitsari ya ragu, waɗannan ba a kwana da su a gida. In za ki wankan gida wajen iyayenki, ko Tasawa ne ko Madarunfa ko can Katsina, ki amshi maganin da zai ishe ki tun kahin ki tahi, ki riƙe karnenki na asibiti.

Ki haihu a asibiti. Za a fara ba jariri siron kariya tun ranar farko, yawanci nevirapine na sati 6, a sati na 6 a yi mashi awon farko, na ƙarshe kuma a wata 18 ko wata 3 bayan yaye. Nono zalla wata 6, ba ruwa ba jiƙo ba rubutu, bayan nan ki haɗa da kunu ki ci gaba da shayarwa, ke kuma kina kan TLD ɗinki kullum, ko bayan yaye ba a daina shi.